Galahanga a manya: me kwalbar jini ta sani game da ƙwaƙwalwa?

"Yaya, don Allah duba min wannan, gaskiya ne?" Saƙon da wata ƙanwata, 'yar baffana, ta turo min ke nan da daddare, haɗe da hoton wata talla da ta gani a Facebook. Tallar ta ce wai masana sun gano masu galahanga wani sinadarin ƙwaƙwalwa ne ya yi musu ƙaranci a jini, a zo a auna, in ya yi ƙasa akwai maganin da zai ɗaga shi. Ita ke riƙon ƙaninta tun rasuwar mahaifiyarsu. Shekararsa 31, maganarsa ba ta wuce kalma biyu ko uku, amma in ka ba shi katan ɗin sabulu ya jera a shagon mijinta, ko da igiyar magina ka zo ba za ka samu karkata ba. Kwanakin nan ya daina barci, yana ta bugun kumatunsa da tafin hannu, ita kuma hankalinta ya tashi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Ban ce mata ƙarya ce kai tsaye ba, domin mai tallar ba daga iska ya ɗauko zancen ba. An yi binciken da gaske, an auna jinin manya masu galahanga, an kuma samu bambanci. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da bambancin yake nufi.

Kalmar galahanga kanta tana buƙatar a tsaya a kanta. A bakin mutane tana ɗaukar kaya da yawa, har da yaron da ya sha wahala wajen haihuwa jikinsa ya shanye, da duk wanda fahimtarsa ta yi jinkiri. A nan abin da nake nufi shi ne wanda likitoci ke kira otizim: yanayin da mutum ke tasowa da shi tun ƙuruciya, hulɗa da mutane da karanta fuskokinsu su yi masa wuya, ya riƙa maimaita abu ɗaya, ya tsani a sauya masa tsari, ƙara ko haske su dame shi fiye da kowa. Wani ba ya magana sam, wani malamin jami'a ne. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke tabbatar da shi. Har gobe ƙwararre ne ke zama ya lura da mutum, ya kuma ji tarihin ƙuruciyarsa daga bakin wanda ya rene shi. Wannan giɓin ne ya sa ake ta neman wata alama a jini shekara da shekaru.

Sinadaran da ake magana a kansu sunadarai ne ƙanana da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna, saƙonsu kuwa: ki rayu, ki girma, ki rabu biyu, ki miƙa reshe ta can. Mu kira su sinadaran haɓaka. Wadda ta buɗe wannan ƙofa wata likita ce 'yar Italiya, Rita Levi-Montalcini. Dokokin wariya na gwamnatin Mussolini na 1938 suka raba ta da jami'a saboda Bayahudiya ce, sai ta mayar da ɗakin kwananta a birnin Turin wurin bincike, tana fasa ƙwan kaji tana duba yadda jijiyoyin ɗan tsako ke tsirowa. Bayan yaƙi ta koma Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, wajen masanin bincike Viktor Hamburger. A can aka ga cewa in an dasa wani ƙari na ciwon dajin ɓera a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, jijiyoyi sai su yi ta tofo kamar an zuba musu taki. Ita da abokin aikinta Stanley Cohen suka bi sawun abin. Cohen ya ɗauko dafin maciji don ya narkar da wani ɓangare na samfurin, sai ga shi dafin ya fi ƙarin kansa ƙarfi wajen tsirar da jijiya. Daga nan suka leƙa inda ɓera namiji ke samar da yawu, suka tarar da sinadarin jingim. Shi ne NGF, wato sinadarin haɓakar jijiya. A wannan wurin dai Cohen ya ci karo da wani daban, wanda in an yi wa jinjirin ɓera allurarsa idonsa ke buɗewa kuma haƙoransa su fito kafin lokaci, aka sa masa suna EGF. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1986. Shi kuma BDNF, sinadarin haɓakar da ya fi kowanne suna a zancen galahanga, Yves-Alain Barde da Hans Thoenen ne suka tace shi daga ƙwaƙwalwar alade a Jamus a 1982.

Aikinsu a jiki ya yi kama da na manomi mai cira. Ɗan tayi yakan samar da ƙwayoyin jijiya fiye da abin da zai buƙata, a wasu sassan kusan rabi ne ke mutuwa kafin a gama gini. Wadda ta isa inda aka aike ta ta samu rabonta na sinadarin haɓaka, ita ke tsira. Bayan haihuwa ma haka abin yake ga mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Jariri yakan ƙulla su birjik, sannan a yi ta sassabe har zuwa samartaka, wadda ake amfani da ita ta yi ƙarfi, wadda aka bari ta bushe. BDNF na cikin masu yanke wannan hukunci.

To me ya haɗa wannan da galahanga? Tun a 1943, lokacin da likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins ya bayyana yara 11 da ya gani, ya rubuta cewa biyar daga cikinsu suna da ɗan girman kai. An daɗe ba a waiwayi wannan ba, domin shekarun da suka biyo baya an ɓata su wajen ɗora wa iyaye mata laifi, wai sanyin zuciyarsu ne ya jawo. Binciken tagwaye na Susan Folstein da Michael Rutter a Ingila a 1977 na cikin abin da ya karya wannan zargi: cikin tagwaye 'yan ƙwai ɗaya guda 11, an samu huɗu da duka biyun ke da galahanga, cikin 'yan ƙwai biyu guda 10 kuwa ba a samu ko ɗaya ba. Da hankali ya dawo kan ginin ƙwaƙwalwa, sai maganar girman kai ta farfaɗo. Eric Courchesne na San Diego ya ba da rahoto a 2003 cewa kan wasu jarirai da daga baya aka gano suna da galahanga yakan yi saurin girma a shekarar farko. A 2017 ayarin Heather Hazlett ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ƙannen yara masu galahanga, ya ga fatar ƙwaƙwalwar waɗanda abin ya bayyana gare su daga baya ta fi saurin faɗaɗa tsakanin wata 6 da wata 12. Masu bincike a Jami'ar Columbia kuma, a 2014, suka duba ƙwaƙwalwar yara da matasan da suka rasu, suka tarar mahaɗan masu galahanga sun fi yawa, kamar gonar da ba a yi mata cira sosai ba. Ba kowane mai galahanga ke da wannan siffa ba, an kuma soki wasu ma'aunan girman kai da aka yi amfani da su a farko. Duk da haka, wanda ya ga girma ya wuce ƙa'ida, dole ya tambayi masu ba da umarnin girma. Tambayar tana kan hanya.

Matsalar ita ce ba a ɗibar ƙwaƙwalwar mai rai. Ruwan da ke kewaye da laka ma sai an soka allura a gadon baya, ba kuwa wanda zai yarda a yi wa lafiyayye haka don kawai a samu abin kwatance. Jini ne mai sauƙi, sai aka koma wa jini.

A ɓangaren manya, rahotannin da aka fi ambata sun fito ne daga Japan, daga masu bincike na jami'ar koyon likitanci ta Hamamatsu da abokan aikinsu na Chiba. A 2006 suka auna BDNF a jinin samari 18 masu galahanga waɗanda fahimtarsu ba ta da naƙasu, da wasu 18 marasa ita. Matsakaicin masu galahanga ya kama nanogiram 25.6 a kowace mililita, na ɗaya ɓangaren 61.6. Bai kai rabi ba ke nan. A 2007 suka sake fito da rahotanni uku a jere kan wasu sinadaran haɓaka: EGF ya yi ƙasa, HGF ya yi ƙasa, TGF-beta1 ma ya yi ƙasa, kowanne a kan mutum ashirin ko ƙasa da haka a ɓangaren masu galahanga, kuma duka maza. A 2010 wani ayari a Pavia ta Italiya ya auna VEGF, mai kula da tsirowar hanyoyin jini, a manya masu galahanga mai tsanani, shi ma aka ce ya yi ƙasa. In ka jera waɗannan kanun labarai, sai ka ga kamar magana ta ƙare. Daga irinsu mai tallar ƙanwata ya yi guzuri.

Sai dai a rahoton 2006 ɗin kansa, masu binciken sun faɗi cewa adadin BDNF bai tafi tare da tsananin alamomin mutum ba. Wanda nasa ya fi ƙasa bai fi kowa wahalar hulɗa ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ja birki. Sannan da aka koma kan yara, sai alƙaluma suka juya baya. A 2016 mujallar JAMA Pediatrics ta buga wani nazari da ya tattara bincike 19 da suka ƙunshi mutum kusan 2,900, sakamakon kuwa shi ne BDNF ya fi yawa a jinin yara masu galahanga. Yawa, ba ƙaranci ba. A jarirai sabbin haihuwa kuma labarin ya fi ban takaici. Karin Nelson da abokan aikinta sun ɗauko ɗigon jinin da ake ɗiba a dugadugan jarirai a Kalifoniya aka adana, suka ba da rahoto a 2001 cewa BDNF ya yi yawa a waɗanda daga baya aka gano suna da galahanga. Amma haka ya yi yawa a masu jinkirin fahimta da ba su da ita, wato bai bambance komai tsakanin biyun ba. Da aka sake gwadawa da wata hanyar awo bayan 'yan shekaru, bambancin BDNF ɗin bai fito ba.

Akwai masu haɗa wannan duka su ce ai labari ɗaya ne: sinadarin yakan yi yawa a ƙuruciya lokacin da ƙwaƙwalwa ke saurin girma, sannan ya faɗi a girma. Zance ne mai daɗin ji, ba kuma zan rantse cewa ba haka ba ne. Amma wanda zai tabbatar da shi sai ya bi mutum ɗaya daga goyo har gemu yana aunawa da ma'auni ɗaya. Ɗaukar yaran wata ƙasa da samarin wata ƙasa, kowanne da irin ma'auninsa, a ja layi a tsakaninsu, wannan ɗinki ne da zare biyu da ba su san juna ba.

Ni a ganina, babbar magana tana cikin kwalbar kanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin gwaje-gwaje ya san kwalaben ɗibar jini kala-kala ne. Akwai mai jan murfi, wadda ake barin jini ya daskare a ciki, sannan a sa a injin juyawa, ruwa mai kalar fitsari ya taso sama, shi ake kira siram. Akwai mai murfi ruwan hoda mai duhu, da ke ɗauke da maganin hana daskarewa, ruwan da ke tasowa a cikinta shi ne filasma. A ido kusan abu ɗaya ne. A awon BDNF kuwa, na siram yakan ninka na filasma sau goma-goma, har ya kai ɗari ko fiye. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, allura ɗaya.

Dalili shi ne ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda ma'aikatan asibiti ke kira filatilet. 'Yan mitsi-mitsi ne, lafiyayyen mutum na da tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita, kowace tana yin kwana takwas zuwa goma ta mutu. Aikinsu toshe rauni, shi ya sa suke yawo da jakunkuna cike da kayan gyara: PDGF, VEGF, EGF, TGF-beta1, da BDNF. Da jini ya fara daskarewa sai su zazzage jakar. Abin da ake aunawa a siram, mafi yawansa wannan zazzagar ce. In ma'aikaci ya juya kwalba bayan minti goma, wani kuma ya bar tasa ta yi awa guda a kan tebur saboda an ɗauke wuta, ba za su samu adadi ɗaya ba ko da jinin mutum ɗaya ne. Dubi sunayen da na lissafa, ka koma ka dubi waɗanda aka ce sun yi ƙasa a Japan da Italiya. Galibinsu 'yan jaka ɗaya ne. Idan abubuwa huɗu da ke tafiya a mota ɗaya suka makara tare, motar ya kamata a fara tambaya.

An daɗe ana zaton filatilet tsotsar BDNF suke yi daga wanda ya zubo daga ƙwaƙwalwa, wanda da haka ne, da jini ya zama madubinta. A 2016 ɗakin binciken Barde, mutumin da ya gano sinadarin, wanda a lokacin ya koma Cardiff, ya nuna cewa manyan ƙwayoyin ɓargo da ke haifar filatilet su da kansu suke ƙera shi. Wani abin mamaki kuma, ɓeran gida da ake gwaji da shi kusan ba a samun BDNF a jininsa, alhali ƙwaƙwalwarsa cike take da shi kuma lafiyarsa lau. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge mai tsauri da ba ya barin manyan sunadarai su riƙa shige da fice yadda suka ga dama. Saboda haka adadin da ke kan takardar sakamako ya fi ba da labarin ɓargo da filatilet fiye da na abin da ke cikin ƙoƙon kai.

Wannan bai mayar da binciken shirme ba, kuma a nan ne abin ya ɗan ba ni sha'awa. Alama mafi tsufa da aka taɓa samu a jinin masu galahanga ita ce yawan sinadarin serotonin, wanda Schain da Freedman suka ba da rahotonsa tun 1961, aka kuma sake samunsa sau da dama a wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu yanayin. Serotonin na jini kuwa kusan dukansa a cikin filatilet yake zaune. Mai yiwuwa ne filatilet ɗin wasu masu galahanga suna tarawa ko suna zubar da kayansu ta wata hanya daban, domin suna amfani da wasu na'urori iri ɗaya da na ƙwayoyin jijiya wajen cusa sinadari a jaka da fitar da shi. In haka ne, binciken ya gano wani abu na gaske, amma ba abin da tallar ke cewa ba.

Ma'aunin ma da nasa. A 2015 wasu masu bincike a Trieste suka gwada kayan awon BDNF guda shida da ake sayarwa, suka tarar ba sa ba da amsa ɗaya, kuma biyu ne kawai ke ware cikakken BDNF daga ɗanyensa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jiki yakan fara ƙera shi da tsawo, sannan a datse. Datsattsen yana ƙarfafa mahaɗa ya raya ƙwaya, ɗanyen kuwa ta wata ƙofa yake shiga, yana iya raunana mahaɗa ko ya sa ƙwaya ta mutu. Ma'aunin da ya haɗa su ya ba ka jimla kamar wanda ya ƙirga bashi da jari wuri ɗaya ne ya ce ga dukiyarka. A 2018 kuma aka auna lafiyayyun mutane 259 a Basel ta Suwizalan, matsakaicinsu ya kama wajen nanogiram 33, da tazara mai faɗi tsakanin mutum da mutum, har masu binciken suka ƙiyasta cewa sai an tara kusan mutum 60 a kowane ɓangare kafin a iya gane bambancin kashi 20 cikin ɗari. Ka tuna alƙaluman Japan: 25.6 da 61.6, mutum 18 da 18. A ma'aunin Basel, masu galahangar ne suka fi kusa da matsakaici. Ba na cewa wani ya yi kuskure. Ma'aunan ne ba ɗaya ba, kuma adadin da ba ya tsallaka ƙofar ɗakin da aka auna shi ba zai zama gwajin asibiti ba.

Ga babba kuma akwai ƙarin damuwa da yaro ba shi da ita, wato shekarun da ya rayu. Motsa jiki na ɗaga BDNF na ɗan lokaci. Ciwon damuwa na tafiya da raguwarsa, magungunan damuwa na ɗaga shi, manya masu galahanga kuwa damuwa da fargaba sun yi musu yawa fiye da sauran jama'a. Da yawansu na fama da farfaɗiya, ɗaya daga cikin magungunanta da aka fi bayarwa, balfuro'et, sananne ne wajen rage yawan filatilet. Risferidon da ake ba wasu don rage tashin hankali yana sa ƙiba. Ƙara da rashin barci, da zaman ɗaka, da cin abinci kala ɗaya shekara ashirin. Idan ka auna jinin mutum mai shekara 31 ka ga wani abu ya bambanta, ta yaya za ka raba abin da ya haifar da yanayin tun yana ciki da abin da rayuwa da yanayin ta bari a jikinsa? Toka ce kake dubawa kana son ka faɗi wanda ya kunna wutar.

A wajenmu ma lissafin ya fi rikicewa. Zazzaɓin cizon sauro na rage filatilet, wannan duk ma'aikacin asibiti ya sani, masu sikila kuma nasu yakan yi yawa. Adadin da aka ce shi ne daidai a Hamamatsu ko Basel, ba a kan mutumin da ya yi zazzaɓi sau biyu a daminar bana aka tsayar da shi ba.

Inda zancen sinadaran haɓaka ya tsaya da ƙafarsa ba a kwalba ba ne, a ƙwayoyin gado ne. Wani nazari na 2019 da ya bi mutum sama da miliyan biyu a ƙasashe biyar ya ƙiyasta cewa gado ne ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin ɗari na yiwuwar samun galahanga, a 2020 kuma wani babban ayari ya lissafa ƙwayoyin gado 102 da ke da hannu. Da aka duba aikin wasunsu, sai ga su a kan layin da saƙon haɓaka ke bi bayan ya shiga ƙwaya. Sinadari yakan ƙwanƙwasa ƙofa daga waje, daga ciki kuma saƙon ya bi hannu-hannu har ya isa wani babban mai ba da umarni da ake kira mTOR, wanda ke cewa a ƙera, a girma. A kan wannan hanya akwai birki. Ɗaya sunansa PTEN. A 2005 aka duba mutum 18 masu galahanga da girman kai sosai, aka samu uku da wannan birki ya lalace musu. Wani birkin shi ne TSC1 da TSC2, waɗanda lalacewarsu ke kawo wata cutar gado mai sa ƙulluttai a ƙwaƙwalwa da fata da ƙoda, kuma kusan rabin masu ita suna da galahanga. A irin waɗannan mutane, ko sinadarin da ke yawo a jini daidai yake, ƙwayar tana jin saƙon da ƙarfi fiye da yadda aka aiko shi. Rediyon ne aka ƙure wa murya, tashar ba ta sauya komai ba. Awon adadin sinadarin a jini ba zai taɓa ganin wannan ba.

Ko a nan ɗin, daga sanin hanya zuwa samun magani tafiya ce mai nisa. Akwai maganin da ke danne mTOR, eberolimus, yana kuma rage ƙulluttai da farfaɗiya a masu waccan cuta. Da aka gwada shi a yara don a ga ko zai taɓa fahimta da alamomin galahanga, bai yi ba. Wani sinadarin haɓaka mai suna IGF-1 ne ya fi kowa tafiya mai nisa. A Finland an samu ƙarancinsa a ruwan lakar ƙananan yara masu galahanga, alhali wani bincike a Amurka ya samu yawansa a jinin yara maza, wanda shi ma darasi ne kan yadda ruwan biyu ke saɓawa. A 2014 asibitin Mount Sinai na New York ya gwada allurarsa a yara tara masu wata larurar gado da ake kira Phelan-McDermid, aka ga alamar ci gaba, amma mutum tara mutum tara ne. A cutar Rett, wadda galibi 'ya'ya mata take kamawa kuma Huda Zoghbi ta gano ƙwayar gadonta a 1999, cikakken IGF-1 bai yi nasara a gwaji ba. Wani ɗan guntunsa da aka gyara, tirofinetaid, shi ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2023, bayan gwaji a kan 'yan mata 187. Amfaninsa matsakaici ne, kusan takwas cikin goma na masu shansa sun yi fama da gudawa, kuma na Rett ne kaɗai, ba na galahanga gaba ɗaya ba. Masu tallar dashen ƙwayoyin jinin cibiya ma da sunan sinadaran haɓaka suke fakewa. Jami'ar Duke ta gwada wannan a yara 180, ta buga sakamako a 2020, kuma a babban abin da aka sa gaba a auna, waɗanda aka yi wa ba su fi waɗanda aka ba ruwan banza ba.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda manyan kansu suka zama 'yan rakiya a wannan fage. Binciken da Traolach Brugha ya jagoranta a Ingila, wanda aka buga a 2011, ya nuna kusan babba ɗaya cikin ɗari na da galahanga, daidai da yara, kuma mafi yawansu ba a taɓa gaya musu ba. Donald Triplett, yaro na farko a jerin Kanner, ya yi aiki a banki a garinsu na Forest da ke jihar Mississippi, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ba kowa ke samun irin wannan tsawon rai ba. Wani nazari a Suwidin a 2016, kan masu galahanga sama da 27,000, ya samu matsakaicin shekarun waɗanda suka rasu cikinsu wajen 54, na sauran jama'a 70. Farfaɗiya ce kan gaba a masu jinkirin fahimta, a waɗanda fahimtarsu ke daidai kuwa kashe kai ya yi yawa matuƙa. Duk waɗannan abubuwa ne da asibiti ya san yadda ake tunkararsu yau, ba sai an jira wani sabon sinadari ba.

Na kira ƙanwata da safe maimakon in rubuta. Na ce ta riƙe kuɗinta. In jini za a auna masa, akwai wanda ke da amfani: tunda yana shan maganin farfaɗiya, likitansa ya duba yawan filatilet da lafiyar hanta, kada kuma ta tsayar da maganin da kanta. Na tambaye ta yaushe ya fara bugun kumatun, kuma wane ɓangare.

"Na dama ne kullum, Yaya. Ya kai sati uku. Tuwo ma yanzu sai in ya huce yake ci, ruwan sanyi kuwa ko kusa."

Na ce ta fara kai shi wajen likitan haƙori, ta roƙi a ba su lokacin da babu cunkoso, ta tafi da mijinta domin shi yake bari ya riƙe masa hannu. Sai da suka je sau biyu kafin ya yarda ya buɗe baki. Turmin ƙasa ne na dama, ya rube har ya tara ruwa. Aka ba shi magani na kwana biyar, aka sa ranar cirewa.